Ɓarawon biro da ramin kwalta: yadda wani mawaƙin Italiya ya jera masu laifi a wuta

Ranar 27 ga Janairun 1302 aka yanke wa wani ɗan siyasa hukunci a birnin Fulorans na Italiya, wai ya ci hanci ya yi wasa da dukiyar jama'a lokacin da yake cikin mutum shida masu riƙe da garin. Tarar fulorin (kuɗin zinariyar garin) 5,000, kora ta shekara biyu, kuma ba shi ba muƙami har ya koma ga Allah. Mutumin ma baya gari, an aike shi Roma wajen Fafaroma sai ƴan ɗaya ɓangaren suka ƙwace mulki a bayan idonsa, da bai zo ya biya tarar ba a watan Maris suka ƙara da cewa duk ranar da ya sako ƙafa garin a ƙone shi da ransa. Bai sake ganin garinsu ba har ya mutu a Rabenna a 1321. Sunansa Dante Alighieri, kuma a wannan yawon gudun hijirar ne ya rubuta doguwar waƙarsa ta tafiya lahira, layi 14,233, kashi uku, wuta da wajen wanke zunubi da aljanna yadda Kiristocin Katolika suka fahimce su. Da yaren kasuwar garinsu ya rubuta ba da Latin na malamai ba, dan haka mai gyaran takalmi ma yana iya jin wa aka jefa a wane rami.

Kafin wani ya rigani faɗa, eh na sani. A babi na 28 na ɓangaren wuta mutumin nan ya yi wa Fiyayyen Halitta SAW da Sayyidina Ali rashin kunyar da bakina ba zai iya maimaitawa ba, har Bamisiren da ya fassara littafin zuwa Larabci, Hasan Usman, a 1959 cire baitocin ya yi gaba ɗaya kuma ni banga laifinsa ba. Dan haka ba tallar Dante nazo yi ba, ba kuma cewa nake a ɗauki aƙida a wajensa ba, me zai koya mana game da lahira mu da muke da Alƙur'ani. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, shine yadda ya jera laifuka daga sama zuwa ƙasa, dan in ka ɗora jerin nasa kusa da yadda muke fushi da masu laifi a yau zaka ga namu a kife yake, kuma abin haushin nasa jerin yafi kusa da abinda ke cikin littattafanmu fiye da halinmu.

Wutar tasa rami ce mai hawa tara, faɗi a sama tana tsukewa tana yin ƙasa har tsakiyar duniya, iya nisanka iya munin laifinka. To su wa ke sama? Masu bin sha'awa. A hawa na biyu ya sa su, wata guguwa ce da bata tsayawa take wulwula su a duhu yadda son zuciya ya wulwula su a duniya. Anan ya haɗu da wata mata Francesca wadda ta ci amanar aure da ƙanin mijinta Paolo, mijin ya kama su ya kashe su duka biyun, abu ne da ya faru da gaske a zamaninsa. Tana bashi labari tausayi ya kama shi har ya faɗi sumamme. Ƙasa dasu masu haɗama a kwance cikin ruwan sama mai ƙazanta, sai marowata da almubazzarai suna tura manyan duwatsu da ƙirji suna karo da juna, sai masu fushi suna dambe a cikin taɓo. Duk wannan saman ramin ne, ba a ma shiga ƙofar birnin wutar ba tukunna.

A babi na 11 jagoransa, tsohon mawaƙin Romawa Birjil, ya tsaya ya masa bayanin dalili. Yace laifi iri uku ne, akwai wanda zuciya ta fi ƙarfinka ka kasa riƙe ta, akwai na amfani da ƙarfi, sannan akwai yaudara, kuma yaudara tafi muni saboda mutum kaɗai ke iya ta. Zaki yana kisa, akuya tana ɓarna, amma babu dabbar da zata zauna ta shirya takardun bogi ta buga musu hatimi. Hankalin da aka baka aka fifita ka dashi, shi ka ɗauka ka mayar makami akan wanda ya yarda da kai. Sai ya raba yaudarar biyu, wadda ka yi wa bare da wadda ka yi wa wanda ya baka amana, ta biyun ita ce can ƙasan ƙasa.

Hawa na takwas nan ne inda nake so a tsaya a kalla, ramuka goma ne a ciki kuma wallahi in kana karantawa sai ka rantse ya taɓa zama a sakatariyar wata ƙaramar hukuma. Ramin ma'aikata masu cin hanci kwalta ce mai tafasa, yace irin wadda ake dafawa a ma'aikatar jiragen ruwa ta Benis da hunturu ana liƙe jiragen da suka tsage, baƙa ƙirin mai kauri tana kumfa. An dulmiya su ciki, shaiɗanu na zagaye da ƙugiyoyi, duk wanda ya ɗago baya dan ya sha iska sai a caka masa a mayar dashi yadda yaran mai dafa abinci ke danna nama cikin tukunya kada ya taso. A ɓoye suka yi harkarsu a duniya, komai ya taɓa hannunsu ya manne, to ga duhu ga danƙo. Wani shaiɗan ya shigo da sabon kamu daga garin Lucca yana cewa bari ya koma ya ƙaro dan garin cike yake dasu, can in ka bada kuɗi a'a tana komawa eh. Akwai wani Fra Gomita da maigidansa ya bashi tsaron fursunoni ya karɓi kuɗi ya sake su. Shekara 700 kenan fa, ba jiya ba.

Kusa da nan ga ramin masu sayar da muƙaman addini, an soka su kai ƙasa ƙafa sama a cikin ramukan dutse tafin ƙafarsu na ci da wuta. Ciki harda Fafaroma Nicholas na 3, wanda da ya ji motsin mutum a bakin ramin ya ɗauka Fafaroma Boniface na 8 ne ya iso, yake tambaya har ka zo, alhali a 1300 da aka ce tafiyar ta faru Boniface na kan kujerarsa da ransa da lafiyarsa. Munafukai kuma an sa musu alkyabba, waje zinariya na ƙyalli ciki darma ce zalla, suna tafe da ƙyar suna kuka. Masu duba an murɗe musu wuya fuska ta koma baya, hawayensu na zuba a gadon bayansu, sun ce suna ganin gobe to yanzu gabansu ma basa gani. Ƴan fadanci da kanzagi, a gafarce ni, cikin kashi ya tsoma su har ka. Nan kam in na tuna da ƴan data masu kwana a Facebook suna kiran wanda bai biya albashi ba da sunan gwarzon talakawa sai in yi shiru kawai.

Akwai mutum biyu a wannan hawan da labarinsu ya fi kama ni. Na farko Guido da Montefeltro, tsohon mayaƙi ne mai dabara da ya tuba ya shiga zuhudu da tsufansa, sai Boniface ya kira shi yace bani shawarar yadda zan ci garin abokan gabata, kar ka ji tsoro na yafe maka zunubin tun kafin ka aikata. Shawarar da ya bayar ita ce yi alƙawari mai yawa ka cika kaɗan. Shikenan, wannan jimlar ce ta kai shi hawa na takwas a cewar Dante, ya fi mazinaci nisa da hawa shida. Mu kuwa a nan wannan sunanta iya siyasa, har yabon mutum ake da ita. Na biyu Master Adam, maƙerin da ya buga jabun fulorin, ya rage zinariyar ya cusa ƙarfe, aka ƙone shi a 1281. Dante ya nuna shi ciki a kumbure da ruwa amma leɓe a bushe yana mafarkin ɗigo ɗaya. Algus ya yi wa kuɗi sai aka yi wa jikinsa algus. Ka tuna da mai sayar da jabun maganin zazzaɓi wanda uwa zata saya da kuɗinta na ƙarshe ta ɗura wa yaro tana jiran sauƙi, ko mai cakuɗa taki da yashi ya sayar wa manomi a farkon damuna, sai kaka tazo a gane.

Ƙasan ramin kuma ba wuta bace, ƙanƙara ce. Maciya amana ne a daskare, wanda ya ci amanar ɗan uwa, wanda ya ci ta gari, wanda ya gayyaci baƙo ya kashe shi akan abinci, da wanda ya ci amanar mai kyautata masa. Hawayensu ma daskarewa yake a ido ya toshe hanyar na bayansa. Anan wani babban mutumin garin Pisa mai suna Ugolino yake yana gaigayar ƙeyar babban limamin cocin Pisa, Ruggieri, wanda ya kulle shi a hasumiya da ƴaƴansa biyu da jikoki biyu aka bar su da yunwa har suka mutu a 1289.

Gaskiya da farko wannan jerin bai kwanta min duka ba, dan masu kisa a hawa na bakwai suke cikin kogin jini mai tafasa, kenan mai buga jabun kuɗi ya fi mai kisan kai nisa, kuma wannan kam ban yarda ba, a wajenmu jini shine abu na farko da za a fara shari'arsa tsakanin mutane ranar ƙiyama. Amma ka je ka tambayi mutanen ƙauyukan Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato wa suka fi jin ciwo, ɗan bindigar da ya fito daga daji ko infoma. Infoma da kuke sallah sahu ɗaya, ya zo sunan ɗanka ya ci tuwo, ya san ranar da ka sayar da shanu ya san ɗakin da kake kwana, in an ɗauke ka shine na farkon zuwa jaje har da taya tara kuɗin fansa. Basu taɓa jin sunan Dante ba amma zasu gaya maka wanda ya kamata ya kasance a can ƙasa.

To mu fa ya muke jerawa? Yarinya tayi cikin shege a unguwa, shikenan ita da uwarta da ƙannenta an gama dasu, shekara ashirin ana nuna gidan da baki. Yaro ya yi askin banza ko ya yi rawa a TikTok, gari ya ɗauka, wa'azi ya tashi. Aka kama ɓarawon waya a kasuwa kafin ƴan sanda su iso an farfasa masa kai, wani lokacin ma ba shi bane. Amma wanda aka ba kwangilar asibitin gari ya karɓi kuɗin ya zuba bulo layi uku ya tafi Umara, matan garin na mutuwa a hanya a bayan a-kori-kura wajen haihuwa, shi in ya shigo ɗaurin aure tashi ake a bashi wuri, a shimfiɗa masa darduma a sahun gaba, maroƙa na ihu, liman ya tsawaita addu'a. Bayan wata shida kaji an naɗa shi sarauta. Mudun da muke awo dashi gindinsa a buge yake, kuma duk mun san waye ya buge shi. A shekarar 2000 an yanke hannun wani mutum a Zamfara saboda satar saniya. A 2022 tsofaffin gwamnoni biyu, na Filato da na Taraba, waɗanda kotu ta kama da laifin cin kuɗin jama'a ta ɗaure, afuwa aka yi musu suka koma gida.

Kar wani yace ina raina zina ko sata, a'uzubillahi, manyan zunubai ne kuma ni ba malami bane balle in ba da fatawa. Abinda nake cewa shine malamanmu da kansu sun karantar damu bambancin haƙƙin Allah da haƙƙin bayi, wancan in ka tuba tsakaninka da Ubangijinka ne mai yawan gafara, wannan kuwa sai mai haƙƙi ya yafe, to wanda ya ci kuɗin mutum miliyan biyar gidan wa zai fara zuwa neman yafiya? Alƙur'ani munafukai ya ce suna can matakin ƙarshe na wuta. Hadisin matsiyaci na cikin Muslim, wanda zai zo da sallah da azumi da zakka amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, a yi ta kwasar ladansa ana biya har ya ƙare a fara lafta masa zunubansu. Hadisin mafarkin Annabi SAW da Samura ya ruwaito a Bukhari akwai mai cin riba yana iyo a kogin jini ana jefa masa dutse a baki, akwai wanda ake yage masa baki har ƙeya saboda yana fita ya yi ƙarya ta zaga duniya, wannan kam sai masu tura labari a WhatsApp ba bincike su yi wa kansu hisabi. A labarin Mi'iraji ga masu farcen tagulla suna yagar fuskokinsu saboda cin naman mutane, ga masu huɗuba da ake yanke wa leɓe da almakashin wuta saboda suna faɗar abinda basa aikatawa. Sakamako daidai da jinsin aiki, mun riga Dante saninsa da shekaru ɗaruruwa, har ma wani limamin coci ɗan Sifen, Asín Palacios, ya rubuta littafi a 1919 yana cewa daga labaran Mi'iraji Dante ya ɗebo, masana na ta gardama akai har yau.

Kuma a gida ma muna da tamu. Waƙar Tabban Haƙiƙa da Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci Nana Asma'u ta mayar Hausa, ai masu mulki da alƙalai ta fi nufa, wanda aka ba shugabanci ya ci mutane wuta zata ci shi gobe. Lura da lokacin, bayan an ci yaƙi ne an kafa daula, ga mutanensa yake faɗa ba ga sarakunan da aka kora ba. Tsofaffinmu suna rera ta, mu muka bar ta a littafin jarabawa.

Amma akwai inda Shehu ya fi Dante nesa ba kusa ba, shine siffa yake faɗa, mai yin kaza ga makomarsa, ya bar ka kai da zuciyarka. Dante sunaye ya kira, kuma in ka bi sunayen zaka ga rabinsu siyasar Fulorans ce. Filippo Argenti ɗan ɓangaren da ya kore shi ne, ya jefa shi a taɓo ana yayyaga shi, shi kuma yana tsaye yana godiya ga Allah da ya nuna masa. Boniface shine ya ɗaure wa waɗanda suka ƙwace garin gindi. Wani Branca Doria ma yana raye yana ci yana sha Dante ya rubuta cewa ransa tuni yana cikin ƙanƙara, shaiɗan ne ke yawo da gangar jikin a gari. Wanda kuma yake so ko yake girmamawa sai ya sama masa wuri mai sauƙi, Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin a hawa na farko ya ajiye su inda babu azaba sai ajiyar zuciya. Kaga kenan mutum ne da haushinsa da son ransa, ya ɗauki alƙalami ya hau kujerar da ba tasa ba, kuma wannan jiji da kan ne ya kai shi ga abinda ya yi a babi na 28. Mu ma muna da wannan ciwon, bari wani babba ko ɗan fim ko malamin wani ɓangare ya mutu kaga kafin a kai shi makwanci an gama raba masa masauki a kwament. Alhali mun san hadisin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, aka gafarta wa wanen shi kuma aka ɓata aikinsa. Dan haka ni ba cewa nake a fara lissafa ƴan wuta da suna ba. Wuta ba tamu bace. Amma sahun gaba a ɗaurin aure namu ne, rawani namu ne, ƙuri'a tamu ce, ƴar da za a ba mutum aure tamu ce, kuma waɗannan mu muke rabawa da hannunmu.

A hawa na bakwai Dante ya ga masu cin riba zaune akan yashi mai zafi wuta na sauko musu, kowa da jakar kuɗi a wuya mai tambarin gidansu ya zuba mata ido. Ɗaya daga ciki ɗan gidan Scrovegni ne na garin Paduwa, Reginaldo. Ɗansa Enrico ya gaji dukiyar ya gina wani ɗakin ibada wajen 1305 ya ɗauko mai zane Giotto ya ƙawata bangon, da yawa suna cewa dan ya wanke sunan gidan ne, har ya sa aka zana shi a durƙushe yana miƙa ginin a ɓangaren ƴan aljanna. Wannan dabarar ma mun iya ta, a ci kuɗin rijiyoyin burtsatse na mazaɓa guda a gina masallacin Juma'a da tayil da na'urar sanyaya ɗaki a manna suna a ƙofa. Duk ɗalibin Arba'una Hadis ya haddace cewa Allah mai tsarki ne baya karɓa sai mai tsarki, amma in attajirin ya turo a zo a karɓi gudunmawa, kwamitin masallaci mota biyu suke cikawa, kuma a cikinsu babu mai tambayar Alhaji wace sana'a yake yi.